Marx, Weber da Durkheim: dan Allah wa zai raba min su kafin jarabawa?

Khairat_M ta rubuta:

Slm 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah masu karatun soshiyoloji ko waɗanda suka riga suka gama ku taimaka min, ni 'yar aji biyu ce kuma akwai wata tambaya da malaminmu ya ce kusan tabbas sai ta fito a jarabawar ƙarshen samista, wai mu kwatanta yadda Karl Marx da Max Weber da Emile Durkheim suka kalli al'umma da kuma bambancin da ke tsakanin masu hali da marasa hali. Handawut ɗin da aka ba mu shafi uku ne kacal, abin da ke ciki kawai wai Marx mutumin rikici ne, Durkheim mutumin haɗin kai ne, Weber kuma yana tsakiya, shi kenan fa. Na haddace tsaf amma wlh ban gane ba, in aka ɗan juya tambayar sai dai in zuba wa takarda ido.

Abu biyu ne suka fi ɗaure min kai. Shi Weber ɗin nan ba Marx ba ne kawai aka yi wa ƙari? Tunda shi ma ya yarda akwai ajin masu dukiya da na marasa ita, to meye sabon abu a ciki. Sannan handawut ya ce Durkheim yana ganin rashin daidaito abu ne mai amfani, wai dole a biya likita fiye da lebura in ba haka ba ba wanda zai yarda ya sha wahalar karatu, ni kam gsky sai nake ganin kamar mutumin nan kare masu kuɗi kawai ya zo yi. Haka ne ko ni ce ban fahimta ba? Wanda zai amsa dan Allah da Hausa kuma da misali, turancin na sha shi har ya ishe ni.

Tsohon_Masaƙi ya rubuta:

Wa alaikissalam 'yata. Ni ba ɗan jami'a ba ne, masaƙa na yi wa aiki a Kaduna har ta rufe, a ajin ƙungiyar ma'aikata muka karanta Marx da daddare bayan an tashi daga aiki, don haka ɓangarensa kawai zan taɓa miki, masu digiri su ƙarasa sauran.

Ki fara cire wa ranki cewa Marx labarin mai kuɗi da talaka ya zo bayarwa, wannan kowa ya san shi tun kafin a haife shi a 1818. Tambayarsa ita ce ta ina arzikin mai arzikin yake fitowa. A wurinsa ajin mutum ba yawan abin da ke aljihunsa ba ne, a'a, waye ya mallaki inji da gini da fili, waye kuma ba shi da komai sai ƙarfin jikinsa da zai kai kasuwa ya sayar. Bari in yi miki lissafi na misali kawai. A ce ana biyan masaƙi naira 3,000 a yini, aikin awa 8. Yadin da ya saƙa a ranar, bayan an cire kuɗin auduga da wuta da lalacewar inji, ya ƙara darajar naira 8,000. Kin ga a awa uku na farko ya riga ya biya albashinsa da kansa, sauran awa biyar ɗin kyauta yake yi wa mai masaƙa, kuma wannan rarar ita ce riba, ita ake sayen sabon inji da ita, sabon injin kuma shi ne zai sa a sallami rabin ma'aikata. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, duk littafin Das Kapital na 1867 kusan bayanin wannan karin maganar ne da alƙaluma.

Inda mutumin ya fi ba ni mamaki shi ne bai ce mai masaƙa ɓarawo ne ba a fuskar doka, ai an yi yarjejeniya ka sa hannu ba wanda ya ɗora maka bindiga. Bai ma ce mugu ne ba. In ya ji tausayi ya ninka albashi, masaƙar da ke maƙwabtaka da shi za ta karya farashi ta kashe masa kasuwa, shi ma ya dawo yana neman aiki. Ke nan matsalar ba ta hali ba ce balle a gyara ta da wa'azi, tsarin ne a haka.

To me ya sa mutum zai yarda ya sayar da ƙarfinsa a kan wannan sharaɗi? Saboda an riga an raba shi da gona. Marx ya kawo labarin wata basarakiya a Sutherland can arewacin Sikotilan, tsakanin 1814 da 1820 aka kori mutum kimanin 15,000 daga ƙasar kakanninsu aka mayar da wurin makiyaya, daga baya tumaki 131,000 ne suka maye gurbinsu. Irin waɗannan korarrun ne suka cika garuruwa irin su Manchester, inda abokinsa Engels ya zauna yana aiki a masaƙar da babansa ke da hannun jari a ciki, ya rubuta abin da ya gani da idonsa a 1845. Shi kuma Marx a laburaren gidan tarihi na Landan ya tare yana tonon rahotannin sufetocin masana'antu. Akwai labarin wata yarinya mai ɗinki da ya kawo, Mary Anne Walkley, 'yar shekara 20, a 1863 ta yi awa 26 da rabi tana ɗinki ba hutu a ɗakin da aka cusa 'yan mata 30, ana sauri a gama rigunan matan manya na wani bikin gidan sarauta, ta kwanta ciwo ta mutu.

Akwai kuma abin da ya ce aikin yana raba mutum da kansa, wannan ban buƙaci littafi ba kafin in gane shi. A ɗakin saƙa ba ka jin maganar na kusa da kai saboda ƙarar inji sai dai ku yi da hannu kamar bebaye, ka fito gashinka da girarka sun yi fari fat da ƙurar auduga, kunnenka yana ta ƙugi har ka kwanta, kuma kai zare ɗaya kawai ka sani ka ɗaura in ya tsinke, ba ka san farkon atamfar ba ba ka san ƙarshenta ba. Masaƙin gargajiya ko ba komai zai nuna zane ya ce ni na saƙa wannan.

Sauran maganarsa a kan wannan ta hau: doka da gwamnati da abin da ake koyarwa a makaranta duk suna karkata ga masu jari, kuma tunda jari da kansa yake tara ma'aikata dubbai a ƙarƙashin rufi ɗaya, wata rana za su gane buƙatarsu ɗaya ce su ƙwace abin.

Sadiq_Samaru ya rubuta:

Baba Allah ya ƙara girma, wlh bayanin nan ya fi na wasu lakcarori. Ƙanwata Khairat ga amsar tambayarki ta farko: a'a, Weber ba Marx da ƙari ba ne, duk da ya karanta shi sosai kuma ya yarda cewa mallaka da rashinta shi ne tushen aji.

Ki duba ƙasar da ya tashi a ciki, an haife shi a 1864 a Jamus. A gabashin kogin Elbe akwai wasu manyan masu gandu da ake kira Yunka, a lokacinsa bashi ya yi wa da yawansu katutu saboda hatsi mai araha da ke shigowa daga Amurka da Rasha, a lissafin aljihu masu masana'antar ƙarfe sun fi su nesa ba kusa ba, amma su ne hafsoshin soja, su ne manyan jami'an gwamnati, kuma attajirin da ya yi kuɗi burinsa ya sayi gandu shi ma ya kwaikwayi zamansu, ɗansa ya samu muƙamin hafsa. In kuɗi ne komai me ya sa mai kuɗi yake bin wanda ya fi shi tsiya? Sannan a binciken da ya yi kan leburorin waɗannan gandaye a 1892 ya tarar suna guduwa birni ko da abincin gandu ya fi tabbas, saboda kawai sun gaji da zama a ƙarƙashin ubangida. Ke nan ba ciki kaɗai ke tuƙa mutum ba.

Daga nan ya ce fifiko tsakanin mutane hanya uku yake bi kuma ba dole su haɗu a kan mutum ɗaya ba. Akwai aji, shi ne matsayinka a kasuwa, kuma a nan ma ya saɓa da Marx, domin injiniya da mai shara duk albashi suke ɗauka ba wanda ya mallaki kamfanin, amma abin da injiniya ke sayarwa yana da tsada, don haka rayuwarsu da ta 'ya'yansu ba ɗaya ba ce kuma da wuya su shiga sahu ɗaya ranar yajin aiki. Akwai iko, wato jam'iyya ko ƙungiya ko duk wata haɗaka da ke neman juya al'amura. Sai kuma martaba, a nan ne ya fi zurfafawa: wa ake girmamawa, wa ake cin abinci da shi, wa ake ba aure.

Wannan na ƙarshen ba sai mun je Jamus ba. Wani masani ɗan Jamaika, M. G. Smith, da ya yi bincike a ƙasar Zazzau, ya rubuta a 1959 yadda Hausawa ke jera sana'o'i, masu sarauta da malamai da attajirai a sama, mahauta da makaɗa da maroƙa can ƙasa, ba tare da an duba wa ya fi wa samu ba. A unguwarmu akwai wani bawan Allah da ya gaji fawa, yana yanka shanu da yawa a rana, ya gina bene ya je hajji, ɗansa ya nemi 'yar wani gidan malamai da ko katangarsu ta zube ba su iya gyarawa ba, aka yi ta ja masa rai da a dawo bayan salla, a dawo in kawunta ya dawo daga tafiya, har ya gane da kansa ya haƙura, ba wanda ya fito ya faɗi dalili sai wata tsohuwa da ta ce ƙwarya ta bi ƙwarya. Baba, ina Marx zai ajiye wannan? Mai jarin ne aka rufe wa ƙofa, marasa ko sisi ne suka rufe ta.

Weber ya lura cewa irin waɗannan gidajen ba sa karɓar sabon mai kuɗi amma sau da yawa suna karɓar 'ya'yansa in sun tashi da irin tarbiyyarsu. Ya kuma ce lokacin da tattalin arziki ke canzawa da sauri aji ne ke fitowa fili, in abubuwa suka lafa sai martaba ta dawo da ƙarfinta, ki rubuta wannan malaminki zai ji daɗi. Kuma a zamanin ofis da fayil ya ce satifiket ne sabon asali, yawan neman a kafa jarabawa kafin a ba da muƙami ba ƙishin ilimi ba ne zalla, hanya ce ta rage masu shiga. In kin ga an ce aikin da mai sakandare zai iya sai mai digiri na biyu, to ki tuna da shi.

Ɗan_Tsangaya ya rubuta:

Ni abin da ke ba ni haushi da kwas ɗin nan kullum Turawa uku, kamar kafin su ba wanda ya taɓa tunani. Ibn Khaldun fa? An haife shi a Tunis a 1332, ya rubuta Muƙaddima a 1377 a wata ganuwa a ƙasar Aljeriya ta yanzu, kusan shekara ɗari biyar kafin Das Kapital, kuma ya faɗa ƙarara cewa riba da dukiya ƙimar aikin ɗan Adam ce. Ya kuma yi babi guda a kan jahi, wato matsayi da alfarma, ya ce mai matsayi yana yin arziki da sauri saboda mutane suna yi masa aiki kyauta don neman kusanci da shi, a noma masa a gina masa a kai masa kaya, ƙimar duk wannan aikin ta shiga aljihunsa bai biya ba, shi kuwa attajirin da ba shi da kowa a fada iya jarinsa kawai yake ci kuma kullum yana cikin tsoron a ƙwace. Malam Sadiq wannan ba shi ne abin da kake ta yaba wa Weber a kai ba? Asabiyya kuma, wato abin da ke ɗaure jama'a su zama tsintsiya, ita ce tambayar Durkheim ɗin gaba ɗaya.

Kuma Khairat ki yi hattara da Marx, mutumin da ya ce addini banju ne na talakawa, a karanta don cin jarabawa amma kar a sha.

Anti_Rabi ta rubuta:

Ɗan_Tsangaya ka yi gaskiya a kan Ibn Khaldun, ni ma ina sa shi a lakcata, sai dai daular da yake bayani ta makiyaya da birane ce, bai ga masana'anta ba, su kuma ukun nan abin da masana'anta ta yi wa Turai ne ya hana su barci. Khairat in tambaya ta ce uku ki amsa uku, shi ki ba shi layi biyu a gabatarwa.

Na shigo ne saboda tambayarki ta biyu, domin handawut ɗinku ya ɗora wa Durkheim kayan da ba nasa ba, kuma ba naku kaɗai ba ne, kusan duk handawut haka suke kwafar juna. Maganar dole a biya likita fiye da lebura don a samu masu wahalar karatu ta wasu Amurkawa biyu ce, Kingsley Davis da Wilbert Moore, a 1945, lokacin Durkheim ya shekara 28 da mutuwa. An jingina su da shi ne don suna bin hanyarsa ta tambayar amfanin kowane abu ga al'umma. Kuma tun 1953 Melvin Tumin ya ba su amsa, ya ce ta yaya za ku san waye mai basira alhali ɗan talaka bai ma samu shiga makarantar ba.

Shi Durkheim ɗan limamin Yahudawa ne daga Epinal, yana yaro Jamusawa suka ci Faransa da yaƙi a 1870, shekara ta zagayo aka yi tawayen Faris aka zubar da jini, ƙasa ta rabu tsakanin 'yan coci da 'yan jamhuriya. Don haka abin da ya dame shi ba wa ke cin gumin wa ba ne, tambayarsa me ya hana al'umma wargajewa tunda ƙauye ya watse, addini ya yi sanyi, kowa ya kama sana'arsa daban. A littafinsa na 1893 kan rabon aiki ya ce mutanen da kamanni ne ya haɗa su, noma ɗaya imani ɗaya, wanda ya kauce a hukunta shi da zafi. Mutanen yanzu kuwa bambanci ne ya haɗa su, kowa yana buƙatar kowa tunda ba mai iya yi wa kansa komai, shi ya sa ma dokokin zamani suka fi yawa a kan ciniki da kwangila da biyan diyya.

To amma ki karanta ɓangaren ƙarshe na littafin, wanda masu handawut ba sa kaiwa. A can ya yi maganar rabon aiki na dole, inda mutum ke kan wani aiki ba don shi ya dace da shi ba sai don gidan da aka haife shi. Ya ce muddin ana haihuwar wani da arziki wani da tsiya to yarjejeniyar da za su ƙulla ba za ta zama ta adalci ba, domin ɗaya zai iya jira ɗaya kuwa yunwa ba za ta bar shi ba. Har gadon dukiya sai da ya soka a laccocinsa, yana ganin abu ne da ya kamata ya shuɗe. Mai kare masu kuɗi ba ya faɗin haka. Bambancin da ya yarda da shi shi ne wanda ya fito daga baiwa da ƙoƙari bayan kowa ya tashi daga layi ɗaya.

Ainihin inda suka rabu da Marx shi ne, faɗan ma'aikaci da mai kamfani a wurin Durkheim ciwo ne da ya samu al'umma don canji ya zo da sauri ba a kafa ƙa'idoji ba, ana iya warkar da shi, maganin da ya kawo kuwa ƙungiyoyin sana'a ne da za su haɗa mai aiki da mai ba da aiki su tsara wa kansu doka. A wurin Marx kuwa faɗan ba ciwo ba ne, haka halittar jari-hujja take. Ni a nan ina ganin Durkheim ya cika kyakkyawan zato.

Inda ba wanda ya kamo shi shi ne anomi, wato halin da ƙa'idojin da ke taka wa burin mutane birki suka rushe. A bincikensa na 1897 kan masu kashe kansu ya tarar adadin yana hawa lokacin karayar tattalin arziki, wannan ba mamaki, amma yana hawa kuma lokacin da arziki ya ɓarke kwatsam, alhali wurare masu fama da talauci irin su Ayalan da Kalabriya ta Italiya abin kaɗan ne. Ya ce in ma'aunin da mutum ke auna abin da ya ishe shi ya karye, buri ba ya da iyaka kuma, komai ya samu gani yake bai samu ba. Lissafin albashi ba zai nuna miki wannan ba.

Baba kuma ina da ƙorafi a kan lissafinka na awa 8, wa ya dafa tuwon da masaƙin ya ci kafin ya fita, wa ya wanke kakin, wa ya yi renon wanda zai gaje shi a bakin injin? Mace ba ta cikin lissafin ko ɗaya daga cikin ukun yadda ya kamata, Engels ne ya ɗan taɓo a 1884. Babban littafin Weber ma da Sadiq ke jawowa, matarsa Marianne ce ta tattara shi ta fitar bayan ya mutu a 1920, kuma tana da nata littafin kan matsayin mata a doka tun 1907, ba mai sa ta a handawut.

Tsohon_Masaƙi ya rubuta:

Hajiya Rabi wannan ƙorafin na karɓa, uwargida ma ta sha faɗa min ba da sunan kowane Bature ba.

Sadiq ɗana, labarin mahaucinka mai daɗi ne amma ka bi shi zuwa gaba mana. Kai da bakinka ka ce ana karɓar 'ya'yan sabon mai kuɗi. To jikan mahaucin nan in ya dawo daga karatu a waje yana da kamfani, gidan malaman da katangarsu ta zube za su ce a dawo bayan salla? Martabar da ba dukiya a ƙarƙashinta tana yin tsawon rai ne kawai, ba ta dawwama. Kuma sau da yawa ita martabar kayan aiki ce a hannun masu jari. Du Bois, baƙar fatan Amurka da ya rasu a Akra a 1963, ya nuna yadda farar fata lebura a kudancin Amurka ake biyansa kaɗan amma a ƙara masa da jin cewa ya fi baƙi, ya shiga inda baƙi ba ya shiga, sai ya ƙi haɗa kai da wanda suke shan wahala ɗaya. Mu ma mun ga irinta, ana gab da yajin aiki sai ka ji an fara raɗe-raɗin ai shugabannin ƙungiya 'yan ƙabila kaza ne ko 'yan addini kaza.

Kuma kar a ce maganar aji baƙuwa ce a nan. Sanarwar Sawaba ta NEPU a 1950 ta faɗa da baki cewa akwai gwagwarmayar aji tsakanin masu riƙe da En'e da talakawa. Ɗan_Tsangaya, mutanen da suka bi Malam Aminu Kano a kan wannan da yawansu malaman zaure ne da 'yan kasuwa masu salla biyar, ba su bar addininsu ba.

Sadiq_Samaru ya rubuta:

Baba ai ka ba ni makami da hannunka. Su waye En'e? Hakimi da dagaci da alƙali da ɗan doka, ba su da masaƙa ba su da inji, abin da ke hannunsu haraji ne da jangali da kotu da gidan yari. Sarauta ce ta kawo musu dukiya ba dukiya ce ta kawo musu sarauta ba, kuma attajiran Kano da suka fi su kuɗi sai sun cire takalmi a fada. NEPU ta ari bakin Marx amma abin da take yaƙa da shi Weber da Ibn Khaldun sun fi bayyana shi.

Sannan a duba abin da ya faru a Turai ɗin kanta. A watan Agustan 1914 jam'iyyar ma'aikata ta Jamus, wadda ta fi kowace girma a duniya a lokacin, ta kaɗa ƙuri'ar amincewa da kuɗin yaƙi, leburan Jamus ya je ya harbi leburan Faransa. Juyin juya halin kuma bai zo a Ingila mai masana'antu ba sai a Rasha ta manoma a 1917. Weber ya yi wa hafsoshin Ostiriya lacca a Biyana, babban birninsu, a 1918 ya ce abin da ke tafe mulkin jami'in ofis ne ba mulkin ma'aikaci ba, domin in gwamnati ta ƙwace masana'antu ma'aikaci bai rabu da ubangida ba, ya samu wanda ba shi da inda zai kai ƙararsa ne. Tarayyar Sobiyat ta nuna wa ya canka.

Khairat_M ta rubuta:

Kai jama'a na gode wlh, Allah ya saka da alheri, Anti Rabi na ja layi a kan Davis da Moore ɗin nan. Saura abu ɗaya, yayana yana tuƙa adaidaita sahu, ba tasa ba ce, kullum da yamma yana kai wa mai ita balas, in ya cika kuɗin da suka yi yarjejeniya ta zama tasa. Ba albashi ake ba shi ba kuma ba shi da oga a kansa, shi ɗan wane aji ne?

Tsohon_Masaƙi ya rubuta:

'Yata ki tambaye shi ƙarfe nawa yake haɗa kuɗin balas da na mai, daga wannan lokacin ne ya fara yi wa kansa aiki, kafin nan na mai keke ne, ko an kira shi albashi ko ba a kira ba. Bambancinsa da ni shi ne ranar da ba fasinja ko taya ta fashe shi zai ɗauki asarar, ni a masaƙa ko kasuwa ta yi sanyi sai an biya ni wata. In ya gama biya ya koma ƙaramin mai jari mai aiki da kayansa, in kuma keken bai riga ya tsufa ba har ya sayi na biyu ya ba wani yaro yana kawo masa balas, to sai ki zo mu sake magana.